Agogon Anu da Takardar Rupi Ɗari

Duk wanda ya saba kallon fina-finan Telugu ya san wannan buɗewar: yaro da yarinya suna wasa, sai ƙaddara ta raba su, a bar wa ɗaya wani ɗan abin tunawa. A Manasantha Nuvve (2001) na V. N. Aditya, Anu 'yar masu hali ta bar wa Chanti ɗan talaka agogo. A Hello (2017) na Vikram Kumar, Junnu ta rubuta wa Seenu maraya lambar waya a jikin takardar rupi ɗari, ɓarawo ya fizge ta. Sauran fim ɗin nema ne kawai.

Mun gane dalilin da ya sa dabarar ke cin kasuwa. Yaro bai san dangi ko dukiya ba, don haka soyayyarsa ta zama hujja a kan manyan da suka sani. Kuma wadda aka taso tare da ita ba baƙuwa ba ce, iyaye ba za su ce tarbiyya ta lalace ba. Shi ya sa Uyyala Jampala (2013), labarin ɗan mace da 'yar namiji masu tsokanar juna tun suna ƙanana, bai yi mana baƙunta ba. Taubasai ne, mu ma da auren zumuncinmu.

Sai dai dabarar tana da tsada, kuma mace ce ke biya. Idan an gama yanke hukunci tun tana 'yar firamare, me ya rage wa budurwar ta zaɓa? Karatunta da sauyin ra'ayinta duk sun zama zaman jira. A Hello, sai da aka sake sace wa jarumin waya kafin labarin ya tsawaita, alamar ba a zukatansu matsalar take ba.

Nuvve Kavali (2000) ya fi su gaskiya. Babu rabuwa, babu agogo. Tarun da Madhu kullum suna tare, abin da ke tsorata shi kuwa kada furta so ya kashe abota. Manasantha Nuvve ma ya tsira ne saboda Anu ta ɗauki alƙalami ta rubuta labarinsu a mujalla, ita ta fita nema.

Marubutanmu masu son "tun muna yara" su lura da wannan. Sabo turken wawa ne idan ba a bar yaran sun girma sun sake zaɓar juna ba.