Jinjina ga masu haɗa amfilifaya da hannu

Amfilifaya da yawa da ake amfani da su a masallatai da makarantun Islamiyya ba daga kamfani suka fito ba, masu gyaran rediyo ne suka zauna a rumfunansu suka haɗa. Cikinsu, waɗanda na fi sara wa su ne masu kula da soket ɗin da ake cusa wayar makirufo.

Soket ƙarfe ne, akwatin amfilifayar ma ƙarfe. In aka ɗaure su jiki da jiki, layin ƙasa na sauti zai taɓa akwatin a wuri biyu ko uku, ya zama da'ira. Maganaɗisun taransifoma sai ya jefa 'yar wuta a cikinta, lasifika ta ɗauki gurnani mai bin bugun wutar lantarkinmu, sau 50 a daƙiƙa. Liman na karatu, ƙugi na binsa.

Gwani kuwa yakan faɗaɗa hujin, ya sa ɗan zoben roba ciki da waje, ya ɗaure noti a hankali kada robar ta tsage. Sannan ya ɗora mita ya tabbatar soket bai taɓa akwati ba, kafin ya ja duk layukan ƙasa su haɗu a ƙusa guda. Kuma ba ya cire wayar da ke kai akwatin ƙasa don gurnani ya yi shiru, domin ita ke hana wuta jan ladan.

Aiki ne da mai saye ba ya gani. In ka samu irin wannan mai gyara, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba.