Gwanintar Faɗa wa Mai Iko Gaskiya da Kalangu

A Daura aka binne Alhaji Mamman Shata a 1999, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Wanda ya san Shata ta wannan fuska kaɗai zai ce maroƙin manya ne kawai. Amma cikin abin da ya sa manya ke tattalin mawaƙi irinsa, har da tsoron bakinsa.

Makaman bakin mawaƙi biyu ne, zambo da habaici. Zambo shi ne a zana mutum da baki: tafiyarsa, girman cikinsa, yadda rawani ya ƙi zama a kansa, rowarsa, har a ba shi kamannin kura ko biri. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa. Ba a kama suna, sai a jero halaye uku ko huɗu waɗanda duk garin ya san mai su, 'yan amshi su yi ta nanatawa, kalangu na ƙara gishiri, kafin gari ya waye yara sun ɗauka. A nan gwanintar take. In mutumin ya yi shiru, ya sha. In ya kai ƙara, ya amsa da bakinsa cewa da shi ake, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. "Gagarabadau" ta Shata ita ake fara kawowa in ana zancen zambo, kuma ba rubutawa yake yi ba, nan take yake ƙera baiti a gaban jama'a.

Makaɗan fada ma haka suke yi: yabon sarki ba ya cika sai an yi wa 'yan uwansa masu hangen gadon sarauta shaguɓe.

Ɗanmaraya Jos ya juya makamin wajen talaka. Da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya taɓo auren dole da ratar mai akwai da marar shi.

A Turkiyya ma akwai mawaƙan gargajiya masu kaɗa saz, masu kukan zalunci da talauci. Ana ba da labarin cewa a Sibas aka rataye ɗaya daga cikinsu, Pir Sultan Abdal, a ƙarni na 16. Mawaƙin Hausa ya fi su dabarar tsira da wuyansa, domin alƙali ba ya hukunci a kan sunan da ba a faɗa ba.