Wa Aka Fansa a Cikin Shaihu Umar?

A Port Môle na gama karanta Shaihu Umar karo na uku, ina zaune kan jakata ina jiran jirgin ruwan Port-Gentil. Aikin rediyo ne ya kai ni Gabon, in ɗauko hira da Hausawan da ke kasuwanci a Libreville. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya leƙa bangon littafin, ya ce tun yana yaro aka karanta masa shi, amma bai riƙe komai ba sai matar nan da ta bi ɗanta har hamada. Maganar tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malamin makaranta ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, littafin ya fito a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin hare-haren bayi, mulki yana gab da juyewa. Mahassada suka sa aka kori Makau, mijin uwar Umar, daga Kagara. Aka sace Umar yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa. Da ƙyar ta sake ganin ɗanta, ba ta daɗe ba ta cika.

Masu saurarena sukan haɗa shi da A Tale of Two Cities na Charles Dickens, wanda ya fito a 1859 kan juyin juya halin Faransa. A can Sydney Carton, mashayin da ya ɓata rayuwarsa, ya shiga kurkuku ya musanya kansa da Charles Darnay, aka fille masa kai, don kada Lucie da yake so ta rasa mijinta. Kalmar fansa a Hausa tana da fuska biyu, kuma Dickens ya nuna kowacce: Madam Defarge tana neman ɗaukar fansa, Carton ya ba da ransa fansa. Ya wanke kansa, marubucin kuma ya ba shi shafukan ƙarshe ya yi bankwana da mu.

To uwar Umar fa? Ba ta da laifin da za ta wanke. Carton ya san ranar mutuwarsa, shi ya zaɓa. Ita ba ta zaɓi bauta ba, ɗa kawai ta fita nema. A ganina sadaukarwarta ta fi tasa nauyi, don tasa ta kwana guda ce, tata kuwa ta ci shekaru, ba mai gani balle ya yaba. Amma ladan duk ya tafi ga ɗan: shi ya sami ilimi, shi ya zauna a Rauta almajirai kewaye da shi, sunansa ne a bango.

Nan ne nake da ja da marubucin. Umar ne ke ba da labarin, cikin sanyin murya irin ta malamin da ya miƙa komai ga ƙaddara. Wannan sanyin shi ne ƙarfin littafin, don ba ya roƙon hawayenka, sai ka ji sun zo da kansu. Shi ne kuma rauninsa. Abdulkarim mutumin kirki ne a idon Umar, alhali fataucin bayi yake yi, kasuwar da ta cinye uwar yaron da yake reno. Littafin ya nuna mana wannan ƙaya, amma ya ratse ta bai taka ba. Wani zai ce nunawar ma ta isa, mai hankali ya ƙarasa da kansa. Na yarda da rabin maganar. Sauran rabin, ina jin an ci bashin matar nan ba a biya ba.

Wurin da nake zaune ya ƙara mini wannan tunani. An kafa Libreville a 1849 don bayin da sojan ruwan Faransa suka ƙwato daga jirgin Elizia, sunan ma garin 'yantattu yake nufi. Port-Gentil da na nufa kuwa sunan Émile Gentil ta ci, jagoran ɗaya daga cikin rundunoni ukun da suka haɗu a Kusuri a watan Afrilun 1900 aka kashe Rabeh, wanda faɗuwarsa ta tarar da Umar a hanyar dawowa. Ashe ƙarshen littafin yana da igiya har bakin wannan teku.

Da aka fara kiran fasinja, dattijon ya ce shekararsa bakwai rabonsa da gida, kuma tsohuwarsa tana nan da rai. Ban ce masa komai ba. Na miƙa masa littafin, na hau jirgi.