Masu ƙirga sifili: yadda ake mayar da awon ƙwayar zarra zuwa mita

Jihar Neja ƙasar yumɓu ce. Matan Gbagyi sun daɗe suna gina tukwane a ƙauyuka irin su Tatiko da ke kusa da Paiko, kuma a Suleja, wadda a zamanin ake kira Abuja, Ladi Kwali ta yi aikin da ya sa hotonta ya hau bayan takardar naira 20. Maginiya tana gane yumɓu mai kyau da ta murza shi tsakanin yatsunta. Amma ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, a Bosso yake karatu ko a Gidan Kwano, idan ya ɗebo farar ƙasa don bincikensa, so ake ya faɗi abin da ke cikinta da alƙaluma, har ya kai ga tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina kowane abu da su.

Zai shanya ƙasar, ya niƙa ta a ɗan turmin ɗakin gwaji har ta yi laushi, ya tankaɗe, ya aika wa masu na'urar da ke haska gari da hasken eksire. Abin da zai dawo masa takarda ce mai layi ɗaya da ke tafiya yana tashi yana sauka, da wasu tsiraru da suka miƙe sama, da lambobi a ƙarƙashi. A gefen wasu lambobin akwai harafin A da ɗan zobe a bisa kansa, Å. Sunansa angistirom. Malamin da zai duba aikin kuwa mita yake son gani, ko nanomita. Tsakanin wannan harafi da mita akwai sifili goma, kuma akwai mutanen da suka ƙware wajen ƙetare su ba tare da ko ɗaya ya faɗi a hanya ba. Aikin waɗannan mutane nake son mu tsaya mu kalla.

Sai mu fara da mita ɗin kansa. Tun shekarar 1983, shekarar da aka kafa jami'ar ta Minna, duniya ta daina dogara da wani sandan ƙarfe ko hasken wata fitila, ta amince cewa mita ita ce tafiyar da haske yake yi a sarari fayau cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Raba mita gida dubu, ka sami milimita, ƙaramin layin da ke jikin rular ɗan makaranta. Raba milimita gida dubu, ka sami maikiromita. Faɗin jar ƙwayar jinin mutum bai wuce bakwai zuwa takwas na wannan ba. Sake rabawa gida dubu, ka sami nanomita. Sake rabawa, ka sami pikomita. Kowane hawa dubu ne, babu ragi babu ƙari.

Angistirom ba ya kan wannan jeri. Ya faɗo ne tsakanin hawa biyu: kashi ɗaya cikin goma na nanomita, ko kuma pikomita 100. Idan aka raba mita gida biliyan goma, gida ɗaya shi ne angistirom. Sunan na Anders Jonas Ångström ne, malamin kimiyya a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, wanda a 1868 ya fitar da taswirar launukan hasken rana, ya auna tsawon igiyoyin hasken da wannan ɗan mitsitsin awo. Ba ya cikin tsarin awo na duniya da aka amince da shi a 1960, amma masana duwatsu da sinadarai sun ƙi rabuwa da shi, kuma ina ganin suna da hujja. Tazarar oksijin da haidirojin a cikin ruwa 0.96 ce. Tazarar ƙwayoyin kabon biyu a cikin daimon 1.54 ce. Ta sodiyam da kulorin a cikin gishiri 2.82. Awo ne da aka yanka daidai jikin abin da ake aunawa, lambobinsa kuma suna zama a ka.

Gwanin wannan aiki ba ya fara taɓa kalkuleta. Fensir yake ɗauka da farar takarda, ya duba kan takardar sakamakon ya ga da wane irin haske aka yi aikin. Galibi na jan ƙarfe ne, wanda tsawon igiyarsa angistirom 1.5406 ne. Ya rubuta wannan a sama, ya ja layi a ƙarƙashi. Sai ya bi tsirarun da bakin fensir har ya tsaya a kan na farko mai tsayi, a wajen digiri 12.4. Nan akwai rami na farko. Lambar da na'ura take bugawa ninki biyu ce ta kusurwar da ake buƙata, don haka sai ya raba ta biyu, ta zama 6.2. Kafin ya danna komai yakan kalli saman fuskar kalkuletar ya tabbatar ƙaramin harafin D yana nan, alamar cewa da digiri take lissafi, domin ɗalibin da ya are ta jiya yana iya barin ta a kan wani awon kusurwa dabam.

Dokar da zai yi aiki da ita ta William Lawrence Bragg ce da mahaifinsa William Henry Bragg, waɗanda suka raba kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25. Farar ƙasa falle-falle take a ciki, wani bisa wani, kuma hasken eksire yana dawowa da ƙarfi ne a kusurwar da ta dace da tazarar fallayen. Sai gwani ya danna maɓallin sin a kan 6.2, ya sami 0.108, ya ninka biyu ya zama 0.216, ya raba 1.5406 da shi. Amsa 7.13. Kalkuleta za ta jero masa lambobi har bakin fuskarta, amma uku kaɗai zai ɗauka, saboda kusurwar da ya fara da ita lambobi uku gare ta. Wanda ya kwafe duka goma ya yi wa na'urar shaidar abin da ba ta gani ba.

Da ganin 7.13 ya san kawolin ne, ainihin sinadarin farar ƙasa, domin tazarar fallayensa ba ta nisa da angistirom 7.15. Idan kuma ya hango wani tsiri a kusa da digiri 26.6, ya san yashi ya shiga samfurin, tazararsa 3.34.

Yanzu ne za a yi juyin. Ba ya rubuta lamba tsirara. Kowace lamba da sunan awonta a gefe, 7.13 Å. A kusa da ita ya buɗe baka, ya ja layin rabawa, ya rubuta nanomita 1 a sama, angistirom 10 a ƙasa. Abin da ke sama da abin da ke ƙasa tsawo ɗaya ne da sunaye biyu, saboda haka ninkawa da su bai ƙara wa tazarar komai ba, bai rage ta ba. Mai awon hatsi a Kasuwar Kure ta Minna ya san wannan sarai: buhun dawa ɗaya ne, ko da babban kwano aka auna shi ko da ƙarami, adadin awon ne kawai yake canzawa, kuma da girman kwanon da yawan awon ba sa tashi tare. Sai gwani ya soke Å na waje da Å na ƙasan layi da ɗan karan fensir, nanomita kaɗai ya rage. Idan bayan sokewa ya ga angistirom biyu sun haɗu a sama, ya san ya kifa lissafin, sai ya juya shi tun kafin ya kai ga lamba. Amsar ita ce nanomita 0.713. A pikomita, 713. A mita, ɗigo ne da sifili tara a bayansa kafin a kai ga 713.

Wannan dogon jerin sifili ba ya yarda ya rubuta shi. Ido yana ruɗewa tsakanin sifili takwas da tara, musamman a takardar da aka yi wa hoto sau biyu. Yakan rubuta 7.13 × 10⁻¹⁰, inda ƙaramar lambar da ke kafaɗar goma take faɗin sau nawa za a raba da goma. Daga nan ninkawa ta koma tara ƙananan lambobin kafaɗa, rabawa ta koma ɗebe su, aikin da ake yi da ka. A wajen shigar da ita kalkuleta akwai wani ramin da ya cinye ɗalibai da yawa. Maɓallin da aka rubuta wa EXP yana ɗauke da "sau goma" a cikinsa. Wanda ya danna 7.13, sau, 10, sannan EXP, ya saka goma sau biyu, amsarsa ta ninka gaskiya sau goma, kalkuleta kuma ba za ta ce masa uffan ba. Yatsan gwani daga 3 kai tsaye yake tsallakawa zuwa EXP.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da yake yi bayan ya sami amsa. Yakan tambayi lambar: a cikin milimita ɗaya fallaye nawa za su shiga? Ya raba, ya sami wajen miliyan 1.4. Ya gwada ta da awon da ya haddace, na gishiri da na daimon, ya ga cewa falle mai hawa-hawan ƙwayoyi ya kamata ya fi tazarar ƙwayoyi biyu kauri sau 'yan kaɗan, kuma haka ta fito. Idan ɗaliba ta kawo masa nanomita 71.3, ba sai ya bi lissafinta layi-layi ba. Zai ce, "'Yata, je ki sake duba inda kika ajiye ɗigonki," ita kuma ta ce, "To, Malam," ta koma ta tarar ninkawa ta yi a inda ya kamata ta raba. Yau kowa yana iya buga tambayar a waya ya sami amsa kafin ƙiftawar ido, kuma wayar ba ta kuskure a lissafi. Sai dai abin da aka ba ta shi take juyawa. Wanda bai taɓa zama ya san girman abin da yake nema ba zai kwafe 71.3 da natsuwar da zai kwafe 0.713, ya ɗaure kundinsa ya miƙa.

Akwai wani awon da ya fi angistirom wuyar sha'ani. A 1913 Niels Bohr na ƙasar Denmak ya lissafa nisan da ke tsakanin cibiyar ƙwayar haidirojin da lantarkin da ke kewaya ta, nisan da yanzu ake kira da sunansa. Awon Bohr ɗaya angistirom 0.529177 ne, wato pikomita 52.9. Masu kwaikwayon ƙwayoyin zarra a kwamfuta suna yawan haɗuwa da shi, domin manhajoji irin su Quantum ESPRESSO da shi suke karɓar wasu lambobin. Gefen ɗan akwatin da ƙwayoyin silikon suke jeruwa a ciki angistirom 5.43 ne, a awon Bohr kuma 10.26. Bambancin ninki 1.89 ne kawai. Kuskuren sau dubu yana da ƙara, kowa zai ji shi. Kuskuren da bai kai ninki biyu ba shiru yake shigowa, domin 5.43 da 10.26 duka sun yi kama da lambobin kirki. Saboda haka gwani yakan rubuta sunan awon a gefen kowane layi na fayil ɗinsa kafin ya saki kwamfuta ta kwana tana lissafi, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma kowace sa'a ta janareta kuɗi ce. Haka kuma idan ya buɗe tsohon littafin ma'adinai ya ga kX a gefen lamba, yakan tuna cewa wannan awo ne na da, wanda ya ɗara angistirom da kusan kashi biyu cikin dubu, ya gyara kafin ya kwafa. Can ƙasa kuma akwai femtomita, 10⁻¹⁵ na mita, da ake auna cibiyar ƙwayar zarra da shi, amma mai aikin yumɓu ba safai yake sauka har can ba.

Inda ake gane wanda ya iya da gaske shi ne wajen awon cikin abu, tsawo sau faɗi sau tsayi. A ɗauki gishirin miya. Ƙwayoyinsa suna jere a cikin 'yan akwatuna masu gefe daidai, kowane gefe angistirom 5.64. Angistirom ɗaya 10⁻⁸ ne na santimita. Mai gaggawa zai ninka 5.64 sau uku, ya manna 10⁻⁸ a gefe ya wuce. Gwani ya san cewa tsawon ya sauya awo, faɗin ya sauya, tsayin ma ya sauya, don haka lambar kafaɗa ma sau uku za ta shiga, takwas uku ashirin da huɗu. Ya ninka 5.64 da kanta da kanta ya sami 179.4, ya rubuta 179.4 × 10⁻²⁴ cm³. Shi wannan cm³ ɗin shi ne mililita ɗaya da ake gani a jikin sirinji.

A cikin kowane akwati akwai sodiyam huɗu da kulorin huɗu, wato tagwaye huɗu. An san cewa giram 58.44 na gishiri yana ɗauke da tagwaye 6.022 × 10²³, lambar da ake kira da sunan Avogadro. Sai ya ninka 58.44 sau huɗu ya sami 233.76, ya raba da lambar Avogadro don ya sami nauyin akwati ɗaya, sannan ya raba wannan da girman akwatin. Yana yi yana tara lambobin kafaɗa a gefen takarda, 23 da ke hawa sama da 24 da ke sauka ƙasa, har su cinye juna, ɗaya kaɗai ya saura. Abin da ya rage a ƙasan shafin shi ne giram 2.16 a kowane cm³. Idan aka ɗauki dunƙulen gishiri tsantsa, aka ɗora a sikeli, aka auna girmansa da kayan awon da hannu ke riƙewa, nauyin da ake samu ke nan, 2.16.