Tafkin Chadi da Hotunan da Suka Tsaya a 2001

Idan kana bin labaran sauyin yanayi, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da jerin hotunan nan na Tafkin Chadi ba. Na 1963 shuɗi fal, na 1973 ya fara motsewa, na 1987 da na 1997 sai ɗan tabo a kusurwa, na 2001 kuma kamar kududdufi. A ƙasansu a rubuta cewa tafkin ya ragu da kashi 90 cikin 100. An zana su ne daga hotunan tauraron ɗan'adam na Amurka, sun shiga fim ɗin Al Gore na 2006, kuma tsohon shugaban Nijeriya Muhammadu Buhari ya sha ambaton ƙafewar tafkin a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To amma a aikin kimiyya sai an tambaya: yaushe aka gani, kuma da wane irin ido?

Bari mu fara ba hotunan haƙƙinsu, don ba na bogi ba ne. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a Sahel a farkon shekarun 1970, da wanda ya fi shi muni wajen 1984, sun rage ruwan kogunan Shari da Logon, waɗanda su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin. Tafkin ya rabe gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, ruwan da ke fili ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Masunta da makiyaya sun ji jiki. Babban shirin noman rani da Nijeriya ta kafa a yankin Marte ya tsaya cik, saboda ruwan ya janye ya bar magudanansa a bushe. Duk wannan ya faru. Matsalar tana wajen abin da ake ɗora wa hotunan, wato cewa tafkin yana ta raguwa har yau kuma ya kusa ɓacewa.

Kuskure na farko shi ne inda aka soma ƙirga. Shekarun 1950 da farkon 1960 lokaci ne na damina mai albarka fiye da yadda aka saba a Sahel, don haka tafkin 1963 cikakke ne ƙwarai. Wani Bafaranshe mai suna Jean Tilho, wanda ya auna yankin a farkon ƙarni na 20, ya tarar da kwarin arewa ya bushe wajen 1908, shi ne ma daga baya ya kasa yanayin tafkin zuwa ƙarami da matsakaici da babba. Tafki ne marar zurfi, 'yan mitoci kaɗan, shimfiɗe kamar faranti. Ruwa ya ɗan sauka, gaɓa ta ja da baya kilomitoci. Ka ga idan ka ɗauki shekarar da ya fi cika ka jera ta da shekarar da ya fi ƙafewa, dole lissafin ya ba da tsoro.

Na biyu ya shafi idon na'urar. Taurari irin su Landsat, wanda aka fara harbawa a 1972, suna gane ruwa ne da wani haske da idon mutum ba ya gani, ana ce masa infirared. Ruwa yana shanye wannan haske, sai ya fito baƙi a hoto. Ɗanyen ganye kuwa mayar da shi yake yi da ƙarfi. To yaya ke nan idan ruwa yana kwance a ƙarƙashin kacala da sauran ciyayin fadama? Na'urar ganye za ta gani, a lissafa wurin a matsayin ƙasa, alhali masunci na iya tura kwalekwalensa a ciki. Tun bayan farin 1970 babban ɓangare na tafkin ya koma irin wannan fadama. A wani bincike da aka buga a 2011, Marc Leblanc da abokan aikinsa sun bi ta wata hanya: suka auna zafin doron ƙasa da tauraron Meteosat, tunda wurin da ruwa ke ƙarƙashin ciyawa ya fi busasshiyar ƙasa sanyi da rana. Da aka haɗa da wannan ɓoyayyen ruwa, faɗin tafkin a shekarun damina mai kyau yakan haura murabba'in kilomita 10,000.

Na uku shi ne wata. Tafkin yana cika ne bayan damina, daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ruwan Shari ya iso, sannan ya yi ƙasa kafin sabuwar damina ta kankama. Hoton Disamba da hoton Yuni na shekara ɗaya ma sai ka rantse tafkuna biyu ne. Amma sau nawa ka ga an rubuta watan da aka ɗauki hoton a jerin da ake yaɗawa?

Na huɗu, kuma mafi girma, jerin ya tsaya ne a farkon shekarun 2000, taurari kuwa ba su daina kallo ba. A 2002 aka harba tagwayen taurarin GRACE, masu bin juna da tazarar kusan kilomita 220. Su ba hoto suke ɗauka ba, canjin ƙarfin jan ƙasa suke aunawa, wanda ke nuna ƙaruwa ko raguwar nauyin ruwa, har da na ƙarƙashin ƙasa. Binciken Binh Pham-Duc da abokansa, wanda ya fito a mujallar Scientific Reports a 2020, ya haɗa wannan da sauran ma'aunai, ya nuna cewa faɗin kwarin kudu bai ragu ba a cikin shekaru ashirin, kuma jimillar ruwan da yankin ke riƙe da shi ƙaruwa take yi.

Kada ka ɗauka wannan yana wanke sauyin yanayi. Su dai taurarin ne suka nuna wata fuskarsa: wani bincike a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa da ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. An ga ambaliyar Injamena a 2022, an ga yadda madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri. Abin da ke damun manomin bakin tafki a yau shi ne rashin tabbas. Yana shuka masara da wake ne a ƙasar da ruwa ya janye ya bari, kuma ba ya iya sanin inda gaɓa za ta tsaya baɗi.

Me zai sa mu damu da wannan gyara? Saboda magani yana bin abin da aka ce shi ne ciwon. Labarin ƙafewa shi ne ƙashin bayan shirin Transaqua, na haƙa magudana mai tsawon kusan kilomita 2,400 don janyo ruwa daga yankin kogin Kwango, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 50, wanda taron Abuja na 2018 ya mara wa baya. Ƙaramin kaso na wannan kuɗi zai isa a kafa ma'aunan ruwa a koguna, a gyara madatsu, a samar da gargaɗin ambaliya da zai isa kunnen mutane a kan lokaci. Haka nan cewa ƙafewar tafki ce ta haifi Boko Haram yana da daɗin faɗi ga masu mulki, don ya ɗora laifi a kan sama. Amma babbar raguwar ta auku fiye da shekaru ashirin kafin rikicin 2009. Kuma abin da ya raba masunta da yawa da sana'arsu a shekarun nan shi ne rashin tsaro, da rufe hanyoyin kasuwar kifi ta Baga, da kwashe mutane daga tsibirai da hana cinikin kifi da tattasai a yankin Diffa a 2015.

Abin farin ciki, ba sai ka dogara da kowa ba. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, haka ma na Sentinel na Tarayyar Turai, ciki har da Sentinel-1 mai amfani da rada, wanda ke ratsa gajimare ya ga ambaliya ko a tsakiyar Agusta. Duk ranar da aka turo maka hotuna biyu na "da" da "yanzu", ko na tafki ne ko na daji ko na hamada, ka nemi shekara da watan kowanne, ka tambayi wace na'ura ce ta ɗauka da abin da ba ta iya gani, sannan ka nemi hotunan shekarun da aka tsallake a tsakani.