Binciken hanyar sadarwa daga nesa: sauƙin aiki da haɗarinsa

Yau za mu duba wata dabara ce da injiniyoyin kwamfuta ke alfahari da ita, wato sarrafa na'urorin binciken hanyar sadarwa daga nesa.

Duk saƙon da ka aika ta intanet ana yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi. Idan sadarwa ta cije, injiniya yakan kama waɗannan ƙunshin ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har ya gano inda gizo ke saƙa. Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Wireshark, wadda Gerald Combs ya fito da ita a 1998 da sunan Ethereal, kafin a canza mata suna a 2006.

A da sai injiniya ya ɗauki kayansa ya je inda matsalar take. Yanzu kuwa ana dasa wata 'yar manhaja mai suna rpcapd a kwamfutar kowane reshe na kamfani, tana kama ƙunshin tana turo masa yana zaune a hedikwata. Alfanun a bayyane yake: ba kuɗin tafiya, ba ɓata lokaci. Yana kuma iya kwatanta abin da aka kama a wurare biyu, ya ga inda saƙo ya makale.

To amma fa akwai gyara. Na farko, kwafin bayanan yakan bi ta layin da ake bincike a kai ne, saboda haka in ba a tace abin da za a kama ba, mai magani sai ya ƙara wa majiyyaci ciwo. Na biyu, in agogon kwamfutocin biyu bai zo daidai ba, kwatancen aikin banza ne.

Babban abin suka shi ne tsaro. Manhajar rpcapd tana jiran umarni a ƙofa mai lamba 2002, kuma shekara da shekaru kalmar sirri da bayanan da ta kama suna tafiya ne a fili, ba a kulle su ba. Har ma ana iya kunna ta ba tare da kalmar sirri ba sam. Sai a ƙarshen 2020 aka ƙara mata tsarin kulle bayanai na TLS. A ganinmu an yi jinkiri ƙwarai, domin abin da ke iya ganin saƙon kowa shi ya fi cancanta a fara yi wa kwaɗo.

Ƙasar Girka ta ga irin wannan haɗari a fannin tarho. Tsakanin 2004 da 2005 wasu sun kutsa cikin na'urorin kamfanin Vodafone, suka juya tsarin da aka tanada don sauraron waya bisa izinin hukuma, suka saurari wayoyi fiye da 100, har da ta firaminista Kostas Karamanlis.

Shawararmu ga masu wannan sana'a ita ce su bi ta hanyar SSH wadda ke kulle bayanai, su kama abin da suke buƙata kaɗai, su kuma kashe manhajar da zarar aiki ya ƙare.