Yaro, Aboki da Gulbi: Giɓin da ke Cikin Littattafan Yaranmu

A 1932 wata marubuciya Ba'amurkiya, Cornelia Meigs, ta fitar da littafin yara mai suna Swift Rivers, wanda ya samu yabon Newbery a shekarar da ta biyo baya. Labarin wani saurayi ne, Chris Dahlberg, a dazukan Minesota cikin 1835. Ya sare itatuwa, ya ɗaure gungumomin su zama fili guda mai yawo a kan ruwa, ya bi kogin Misisifi da su har birnin St. Louis don ya sayar ya tallafi kakansa. Babu aljani a ciki, babu zoben sihiri. Abin da ke akwai shi ne sanyi, yashin da ke kama kaya a tsakiyar ruwa, ɓarayi, da mutum biyu da suka tsaya masa: abokinsa Stuart Hale da gwanin kogi Pierre Dumenille.

Irin wannan labari reshe ne guda a adabin yara, wanda aiki shi ne ƙashin bayansa. Mai karatu yana fita daga littafin ya san yadda ake ɗaure gungume da yadda ake karanta fuskar ruwa, kuma ta wannan hanyar ce yake gane halin jarumin. Marubuciyar ba ta tsaya tana ce mana yaron mai haƙuri ne ba. Ta bar mu muna kallonsa yana sake haɗa abin da ruwa ya wargaza.

Wannan reshen ne nake ganin ya yi ƙaranci a wurinmu, kuma babu inda rashinsa ya fi ba ni ciwo kamar ƙasar Gobir. Dubi yadda ruwa ya yi wa yankin ɗamara. Gulaben Bunsuru da Gagare suna haɗuwa a wajajen Isa su zama Rima, ita kuma ta miƙe ta nufi Sabon Birni, Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Nijar ta Maraɗi da Tsibiri, ya dawo ya zuba cikinta. Alkalawa, birnin Gobirawa da ya faɗi a 1808, a wannan kwarin yake. Da damina gulbi kan raba gari da gonarsa, ya raba ƙauye da kasuwa, sai an nemi mai fito. Da rani ya janye ya bar tafkuna da fadama, masunta su shiga da homa da gora, manoma su hau noman albasa da tattasai. Yaron da ya tashi a nan ya san tsoron ruwa kuma ya san cinsa tun kafin ya iya baƙi.

To, me adabinmu ya yi da wannan? A tatsuniya gulbi gidan dodo ne da 'yan ruwa, wurin da ake kai yarinyar da aka yi alkawarinta. Jarumin da yara suka fi so kuwa Gizo ne, wanda ba ya noma ba ya su, sai ya ci gumin wani da wayo. Ba na raina Gizo. Ya koya wa ƙaramin mutum yadda zai tsira a gaban zaki da giwa. Amma Gizo ba shi da aboki. Duk wanda ya yi tafiya da shi, ko kura ce ko hankaka, da asara yake komawa gida.

Da rubutaccen labari ya zo, bayan gasar rubuta labaran Hausa da Rupert East ya shirya a 1933, an ɗauki wannan gadon aka zuba a takarda. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana da ruwa har a sunansa, kuma akwai juriya ta gaske a tafiyar Alhaji Imam ta shekara 15. Sai dai ruwan magani ne da ke hannun aljanu, kuma zumuncinsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cuta da ramuwa ne, kowa yana jiran ranar da zai kayar da ɗan'uwansa. Abin dariya ne mai daɗi ƙwarai, har gobe. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi kusa da rayuwa, amma yaron da ke ciki ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, haƙurinsa na wanda ƙaddara ta faɗa wa ne. Haƙurin mai sana'a, wanda ya zaɓi abu mai wuya ya nace a kai, shi ne ba mu cika gani ba.

Alhali abota a ƙasar Hausa tana da tsari da nauyi. Akwai aminin da ake ba asiri, akwai babban abokin ango da ke ɗaukar ɗawainiyar biki, akwai gayya inda samari ke taruwa su nome gonar ɗayansu, ga taubasantakar Gobirawa da Yarbawa da ke mayar da baƙo ɗan gida da zolaya ɗaya. Kuma a jirgin ruwa abota ba ta wasa ba ce: in na baya ya yi sake da sanda, na gaba ne zai fara shan ruwa.

Ba ina kira a kwaikwayi Meigs ba ne. Littafinta yana kallon daji kamar ba shi da mai shi, alhali ƙasar 'yan asalin Amurka ce, kuma saran da ta yaba shi ne daga baya ya ƙarar da manyan dazukan Minesota da Wiskonsin. A Gobir, inda hamada ke matsowa, giginya da goruba suna raguwa, littafin da zai yi wa gatari kirari ɓarna zai koyar. Mu ba mu da al'adar tura gungume a kogi. Azara a bayan jaki da raƙumi take zuwa. Abin ɗauka a wurin Meigs shi ne girmama aiki har a zauna a koye shi kafin a rubuta shi.

Nan ne wahalar take a yau. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Sarakunan ruwa da tsofaffin masu fito, waɗanda suka san sunan kowane gurbi da mashigi, wasunsu suna gudun hijira nesa da gulbinsu, jikokinsu suna girma ba su taɓa riƙe gora ba. Marubucin da zai yi irin wannan littafi a kan Gobir sai ya bi su can ya tambaye su yadda ake gane ruwa mai zurfi, da wanda ake yarda a ba sanda idan gulbi ya kawo.